Milimita Uku a Lambun Hajiya Fanne

Babu al'ummar da ta taɓa ci gaba a duniya ba tare da ta iya awo ba. Wannan magana ta Usaini ce, kuma ya yi ta ne a shagon askin Ba Kalli da ke kusa da tashar jirgin ƙasa a Nguru, ba tare da kowa ya tambaye shi ba.

Usaini bai daɗe da dawowa daga Abuja ba, inda ya yi damina guda yana aiki a wani filin golf, wasan nan da manya ke bin 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda a kan ciyawa. Aikinsa a can shi ne shiga daji ya tsinto ƙwallayen da manyan suka ɓatar, aikin da ba ya ƙarewa, domin manyan ba su iya ba. Sai dai hanyarsa ta zuwa dajin ta bi ta ƙofar garejin da ake saita injinan yanke ciyawa, shi kuwa Usaini mutum ne da idan ya leƙa abu sau biyu ya sauke karatunsa. Ranar da garejin ya sayo sababbin ma'aunai masu batir, ya roƙi tsoho ɗaya aka ba shi. Da shi ya sauka a Nguru, naɗe cikin tawul, yana riƙe da shi kamar jaririn da aka sha wuya kafin a samu.

Sandar ƙarfe ce miƙaƙƙiya, tsawonta ya ɗan fi kamu. A tsakiyarta akwai agogo mai allura ɗaya, a ƙasan agogon kuma 'yar ƙugiya.

"Ka kifa injin," in ji Usaini, yana nuna wa masu jiran layi, "ka ɗora sandar a kan tayar gaba da ta baya, ka maƙala ƙugiyar a bakin wuƙa. Abin da allura ta nuna, shi ne tsayin da za a bar wa ciyawa. A wurin da ake jefa ƙwallo a rami, milimita uku muke bari. Uku. Ba uku da rabi ba."

"Milimita uku nawa ke nan a kamu?" in ji Abbagana mai kifi, wanda ke kan kujera an yafa masa zane a wuya.

"Kun ji irin tambayar da ta hana mu ci gaba."

Ba Kalli ya hura injin askinsa ya ce, "Mu nan akuya ke yanke mana ciyawa, kuma ba ta taɓa neman agogo ba."

"Shi ya sa yau ta bar goma, gobe ta bar biyu. Kai ma haka kake aski, Ba Kalli, da ido. Kan mutum ɗaya, gabas daban, yamma daban."

Ana haka aka ɗauke wuta. Ba Kalli ya fita tayar da janareta, ya bar injin askin a kan tebur, kuskuren da har yau yake ba da labarinsa. Kafin ya dawo, Usaini ya kwance bakin injin da sukurdireba, ya auna, ya matsa, ya ɗaure. Wuta na dawowa ya ɗora shi a goshin Abbagana, ya ja shi har ƙeya.

Abbagana ya yi wata irin ƙara da ba a saba ji daga mai kifi ba. Da aka duba, sai ga layin dogo ya ratsa tsakiyar kansa, har da jajayen fitilu nan da can.

"Injin daidai yake," in ji Usaini. "Kanka ne ba a miƙe yake ba."

Sai da mutum uku suka riƙe Abbagana. Ba Kalli ya ƙarasa masa tal-kwabo, ya shafa masa magani, sannan ya ja Usaini gefe cikin ladabi.

"Gaskiya, Injiniya, Nguru ta yi maka kaɗan. Akwai 'yar'uwata a Gashuwa, Hajiya Fanne mai atamfa. Tana da ciyawa, tana da inji, ba ta da masani. Yau ma akwai mota."

Ba Kalli da kansa ya raka shi tasha, bai tafi ba sai da ya ga motar ta ɗaga.

Ciyawar Hajiya Fanne ba ta da yawa, ba ta wuce filin da za a shimfiɗa tabarmi ashirin ba, amma a duk unguwar babu irinta. Shekara da shekaru Hajiya ta yi tana fama: ta sa an kwaso baƙar ƙasa daga bakin kogi, ta dasa ciyawar kiri-kiri tsinke-tsinke, ta yi yaƙi da awaki, ta yi yaƙi da yashin da iska ke tsallako mata da shi ta kan katanga. Duk don abu ɗaya. Tun ranar da 'yarta tilo Khadijatul Kubra ta shiga jami'a, Hajiya ta yi mata alkawari cewa ranar walimar kammalawa, a kan koriyar ciyawa za a ɗauke ta hoto da rigar digiri, a gidan ubanta marigayi. Walimar ranar Asabar ce. Tsohon da ke datse ciyawar da almakashi ciwon gwiwa ya mayar da shi ƙauye, injin da Hajiya ta sayo daga Kano kuma yana nan a kwalinsa, kowa na tsoronsa.

Usaini ya zagaya filin hannu a baya, yana girgiza kai.

"Wa ya yi miki wannan aikin, Hajiya?"

"Me ya faru? Ba ta yi kyau ba?"

"A ido ta yi." Ya warware tawul. "Amma ido ba shaida ba ne."

Hajiya ta kalli agogon, ta ga allura, ta ga lambobi, hankalinta ya kwanta. "To ni yau zan wuce Kano sayayyar walima, sai safiyar Asabar. Ka ɗan rage mata tsayi kawai. Amana ce, ɗan nan. Ga Asibi nan, duk abin da kake so ka tambaye ta."

Asibi ƙanwar mijin Hajiya ce, ita ke riƙe da madafin gidan, kuma tun da ta ga mutum ya naɗe ƙarfe a tawul ta gama yanke masa hukunci.

Motar Hajiya na fita, Usaini ya zuba wa injin mai da fetur, ya kifa shi a baranda ƙafafu sama, ya ɗora sanda. Ya sauke tayoyin har matakin ƙarshe, allura ta tsaya a ashirin da biyar, ta ƙi gaba.

"Ashirin da biyar!" Ya riƙe baki. "Wannan ai gemu ne, ba aski ba."

"Waɗanda suka ƙera shi sun ce iyakarsa ke nan," in ji Asibi daga ƙofar madafi.

"Waɗanda suka ƙera shi ba su je Abuja ba."

Aka kirawo Tayo mai walda, haifaffen Gashuwa wanda ƙa'idarsa a sana'a ɗaya ce: ba ya musu da mai aiki.

"Oga, ƙarfen tayar kake so in yanke in ɗaga sama? Duka huɗun?"

"Duka. Har sai allura ta nuna uku."

"Wuƙar za ta kusa taɓa ƙasa fa."

"Kusa taɓawa daban, taɓawa daban. Tsakaninsu shi ake kira ilimi."

"Shi ke nan, Oga."

Tayo ya yanka, ya liƙa, Usaini ya auna. Ya sake yankawa, ya sake liƙawa. Can allura ta zauna a kan uku cif, Usaini ya ɗaga sandar sama don maƙwabtan da suka fara leƙe ta kan katanga su shaida. Aka tayar da injin tsaye a kan simintin baranda, Usaini ya ja igiya.

Abin da ba a koyarwa ta ƙofar gareji shi ne, injin da ya wuni a kife da mai a cikinsa, man yakan bi hanyar da ba tasa ba. Wani farin hayaƙi ya turnuƙe gidan, ya haye katanga, ya shiga layi. Wata mata ta kurma ihu, "Gobara gidan Hajiya!" Kafin Usaini ya gama tari, maza sun banko ƙofa da bokitai, masu kurar ruwa sun juyo da jarkoki. Da yake ba wanda ya ga wutar, kowa ya watsa ruwansa inda ya fi kusa. Da hayaƙin ya washe, ciyawar ta sha ruwan da ba ta taɓa sha ba tun da aka dasa ta, Usaini kuma ya sha ragowar.

"Mun gode, jama'a," ya ce yana matse riga. "Dama ana son a jiƙa ta."

Ya tura injin ya sauka daga baranda. A kan siminti, milimita uku milimita uku ce. A kan jiƙaƙƙiyar ƙasa kuwa, tayoyin suka lume, wuƙar ta shiga neman abin da ke ƙarƙashin saiwa. Injin ya yi gurnani, ya fara tofar da ciyawa da laka da tsakuwa. Tsakuwa ɗaya ta fasa randar Asibi, wata ta tsallaka ta sami zakaran maƙwabta, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Usaini bai tsaya ba sai da ya kai bango, domin a Abuja ba a tsayawa a tsakiyar layi.

Ya waiwayo. Wata baƙar kunya ta tsaga koren filin biyu.

"Gero za a shuka ko gyaɗa?" in ji Asibi. "In sani, in jiƙa iri."

Usaini ya sake kifa injin, ya ɗora sanda, ya juya agogon ga jama'a. "Wa ya iya karatu? Nawa ta nuna?"

"Uku, Oga," in ji Tayo.

"To kun gani. Ma'auni daidai, inji daidai. Ƙasar ce ta yi kuskure."

Washegari ya tashi da dabara. A Abuja filayen layi-layi suke, wannan ya yi duhu wannan ya yi haske. Layi ɗaya kuskure ne, amma layuka da yawa ado ne. Ya bi filin yana yanka ɗaya yana tsallake ɗaya. Da ya gama, wani dattijo da ya leƙo ta katanga ya yi masa barka da aiki, ya tambaye shi ko shanun huɗar na haya ne, domin kunyoyin sun miƙe.

Da la'asar Hajiya ta bugo waya.

"Ya ya ciyawata?"

"Milimita uku cif, Hajiya. Mun auna a gaban shaidu."

"Alhamdu lillahi. Ba ni Asibi."

Asibi ta karɓi wayar, ta dubi filin, ta dubi sama. "Ya Fanne, ki dai ƙaro randa."

Kunyoyin ba su yi wa Usaini daɗi ba, musamman da mutane suka fara kiran gidan da gona. Ya yanke shawarar a daidaita, wato ya bi layukan da suka rage ya yi musu abin da ya yi wa 'yan'uwansu. Yanzu filin ya zama launi ɗaya, launin da bai yi kama da kore ba ta kowace fuska.

Nan ma Abuja ba ta bar shi ba. Ya tuna cewa a can, idan aka yi wa fili yanka mai zurfi, akan kawo yashi a tifa, bayan 'yan kwanaki kuma ciyawar ta fito shar. Ya ga zuwan tifar, ya ga fitowar ciyawar. Abin da ke tsakani ne bai gani ba, domin yana daji yana neman ƙwallo. Saboda haka bai san cewa yashin barbaɗa shi ake yi kamar gishiri a miya ba.

Amalanke ta farko ta shigo, ta biyu ta biyo ta. Da ta huɗu ta iso, matan layin sun fito ƙofar gidajensu.

"Ikon Allah. Baiwar Allah ta ƙare ƙuruciyarta tana share yashi tana fitarwa, yau ga shi ana shigo mata da shi da shanu."

"Ko gini za ta yi?"

"Malam Milimita," in ji Asibi, "binne ta kake yi? In kira liman?"

"Abinci ne nake ba ta."

"To ta ƙoshi."

Ya baje yashin har ya rufe idon sawu, ya bi shi da sandar ƙarfen yana lailayewa, har ya zama ko ƙwai aka ajiye ba zai san inda zai gangara ba. Ya ba shi ruwa safe da yamma, yana tsugunawa yana leƙe. Abin da ya fito ƙwaro ne guda ɗaya, shi ma bai zauna ba.

Ranar Juma'a Usaini ya tafi bakin kogi, wai ko yashin ne bai isa ba. A nan ya tsaya cik. A gefen wata fadama ga wani kore shar, cunkus, lif-lif, wanda ko a Abuja bai ga irinsa ba. Irin shinkafa ne na dashe. Manomin ya gama dashensa, ragowar kuma yana shirin sakar wa shanu.

Kafin magariba, Usaini da Tayo sun yanko shi da shebur fale-fale, da lakarsa da komai, sun kwaso a amalanke, sun jera a kan yashin kamar ana shimfiɗa darduma.

Asibi ta fito ta riƙe ƙugu. "Wannan ai shinkafa ce."

"A fadama shinkafa ce. A lambu ciyawa ce."

Asibi ta buɗe baki, sai ta tuna cewa duk wanda ya tona, shi zai fara yi wa Hajiya bayanin abin da ke ƙasa. Ta rufe bakinta ta koma kan tukunya.

Hajiya Fanne a rumfar atamfa ta tashi, shinkafa kuwa a buhu ta san ta, sai a faranti. Da ta sauka daga mota safiyar Asabar ta ga filin, sai ta dafa ƙirji.

"Masha Allah! Ban taɓa ganin ta da kore haka ba. Amma kamar ta ƙara tsayi?"

"Haka yanka na ilimi yake, Hajiya. Ƙasa ake yankewa, sama ta fito. Kada dai kowa ya taka sai lokacin hoto."

"Allah ya yi maka albarka. Daga yau lambun nan naka ne."

Usaini ya rusuna ya yi godiya. Da a nan ya tsaya, da yanzu wani labarin ake bayarwa.

Bayan azahar baƙi suka cika gidan, shadda da leshi da turare, an jera kujeru a kewayen filin, an buɗe kulolin dafa-duka a gefe. Mutanen Gashuwa ne, mafi yawansu ko sun noma shinkafa ko ita ta biya musu makaranta. Kowa ya shigo sai ya dubi filin, ya dubi na kusa da shi, ya ce "Masha Allah," ya nemi kujera. Ba a taɓa yin taron da mutane da yawa suka yi shiru a kan abu ɗaya haka ba. Khadijatul Kubra ta fito da rigar digiri da hularta, mai hoto ya tsayar da ita a bakin koren yana gyara mata tsayuwa.

Sai ga Ya Asta, gwaggon Hajiya da ta zo daga Karasuwa, tsohuwar da ta wuce shekarun yin kara. Ta dogara sandarta, ta sunkuya, ta tsinko ɗaya. Ga ɓawon ƙwayar nan maƙale a saiwa.

"Fanne! Yaushe kika fara noman rani ba ki gaya mini ba?"

"Wane noma, Ya Asta? Ciyawata ce."

"Shinkafa ce wannan, Jamila. Iri mai kyau. Amma an cunkusa ta, ba za ta yi 'ya'ya ba."

Wani ya yi tari. Wata ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Hajiya ta juya tana neman Usaini da ido, shi kuwa ya riga ya taho, sanda a hannu.

"Iya, da girmanki. Wannan ciyawar Abuja ce, ba a san ta a nan ba."

"Yaro, na dasa shinkafa kafin a haifi uwarka."

"Tsayin ne ya ruɗe ki. Ba a yi mata yankan ƙarshe ba."

"To in ciyawa ce aske ta mu gani."

Asibi ta girgiza masa kai daga ƙofar madafi har ɗankwalinta ya zame. Tayo, wanda ya zo cin shinkafar da aka dafa, ya ɗauki farantinsa ya koma bayan ginshiƙi. Amma an ƙalubalanci ilimi a gaban jama'a. Usaini ya jawo injin, ya sanar da cewa abin da za su gani yanzu milimita uku ne, wanda bai taɓa gani ba ya buɗe ido. Mutane suka buɗe ido. Ya ja igiya.

Abin da aka shimfiɗa jiya ba shi da saiwar riƙe ƙasa. Injin ya zuƙe falle na farko gaba ɗaya, ya tauna, ya feso shi ta gefe tare da laka da yashin kogi. Sahun gaba, inda manyan baƙi suke, shi ya fara samun rabonsa. Mata suka watse suna salati, kujeru suka kife, mai gabatarwa ya faɗi wata kalma a lasifika wadda ba ta cikin jadawali. Usaini ya kai bango ya juyo, domin layi ɗaya kuskure ne, sai feshin ya koma ɓangaren kuloli. Hular digiri ta tashi sama ta sauka a cikin zoɓo. A tsakiyar layi na uku injin ya shaƙe da yashi, ya yi tari biyu, ya mutu.

A tsakiyar filin ga yashi nan fari tas, a miƙe sambal.

Hajiya Fanne ta zare wani ganye daga goshinta, ta dube shi, ta yar.

"Ina ciyawata?"

"Tana ƙasa, Hajiya. Hutawa take yi."

"Ƙasa ina?"

Usaini ya soka sandar a yashin har ta tsaya, ya zaro, ya duba a natse. "Milimita ɗari da ashirin. Amma ko'ina daidai yake, babu inda ya fi wani."

"Asibi," in ji Hajiya, ba ta ko ɗaga murya ba, "miƙo mini muciya."

Waɗanda ke bakin ƙofa sun ce ba su taɓa ganin mutum ya naɗe ƙarfe a tawul yana gudu ba sai ranar. An ce motar Machina ya shiga, bayan ya tabbatar daga bakin direba cewa can babu mai ciyawa.

An ɗauki hoton Khadijatul Kubra a jikin katanga, a kan tabarma, babu hula. Baƙi suka ci dafa-duka a hankali, suna taunawa da haƙoran gaba. Da aka tone yashin bayan kwana biyu, ciyawar Hajiya ta riga mu gidan gaskiya.

A kusurwar da injin bai kai ba, kusa da famfon da ke ɗiga, ba wanda ya sami zuciyar cire abin da aka shimfiɗa. Bayan wata uku Asibi ta girbe tiya biyu. Jamila ce.